Sitiyari da Masu Gyaransa a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda cikin 1929, daga nan kuwa bai ƙara gaba ba har wa yau. Watau birnin Sakkwato da garuruwan da ke gabas da shi ba su taɓa jin kukan jirgi ba. Abin da ya karɓi kaya daga bayan jaki da raƙumi da takarkari mota ce kaɗai. Saboda haka wanda ya ke son sanin yadda shinkafar Wurno da albasar Goronyo da geron Rabah suka riƙa fita kasuwa tun daga wancan zamani, tilas ya bi tarihin mota. Wanda kuwa ya bi tarihin mota a kan hanyoyin wannan ƙasa, ba zai daɗe ba sai ya tsaya kan 'yan ƙarafan nan da suka haɗa sitiyari da ƙafafun gaba. Dalilin a fili ya ke. In inji ya mutu, mota ta kan tsaya, fasinja su sauka su nemi inuwa. In ɗaya daga cikin ƙarafan nan ya yanke ana cikin gudu, sitiyari sai ya yi ta juyawa a hannun direba kamar faifai, motar ta tafi inda ta ga dama da mutanen da ke cikinta.

Garuruwan nan uku duk a bakin fadama su ke. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa bisa tudu yana duban kwarin Gulbin Rima. Can ya rasu cikin 1837, can kuma hubbarensa ya ke. Baturen nan Barth ya sauka a garin cikin 1853, zamanin Aliyu Babba. Goronyo tana gaba da Wurno a kan Rima ɗin, Rabah kuwa tana bakin Gulbin Sakkwato. Duk hanyar da za ta haɗa su da birni dole ta ratsa ƙasa iri uku: rairayin tudu, da marmara ta gefen kwari, da baƙar lakar fadama wadda ta kan zama taɓo da damina, da rani kuwa ta bushe ta tsattsage ta yi tauri kamar dutse. Doki bai damu da wannan ba ƙwarai. Ƙarfe ya damu.

Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, da ƙafa ya tafi Kwalejin Katsina cikin 1926. Ya komo ya zama hakimin Rabah cikin 1934, aka kai shi Gusau cikin 1938 yana Sardauna. Cikin 'yan shekarun nan ne manyan motoci suka fara yawaita tsakanin Gusau da Sakkwato, tun da jirgi ya matso da tashar kaya kusa. Hanyoyin gundumomi kuwa hanyoyin rani ne, talakawa ke share su bisa umurnin hakimi bayan an ɗauke ruwa, har babbar hanya ma a kan tsai da motoci in an yi ruwa mai yawa sai ƙasa ta sha iska. Motocin farko ƙirar Amurka ne marasa nauyi, irin su Ford da Chevrolet, daga baya Bedford ta Ingila ta cika hanya. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, sojan da suka komo daga Bama da yawa sun zo da sanin tuƙi da gyara, aka kuma yi gwanjon motocin soja. Daga waɗannan, da ma'aikatar ayyuka ta En'e, da kanikawan Kudu mazauna sabon gari, sana'ar ta yaɗu.

Ba a fahimtar aikin masu gyara sai an san abin da su ke gyarawa. A tsohuwar babbar mota, sitiyari yana kan doguwar sanda wadda ta gangara cikin wani akwatin ƙarfe da ke liƙe a jikin mota. Cikin akwatin akwai haƙora masu mai da juyin sitiyari ya zama lilon wani gajeren hannu da ke waje, ya yi gaba ko ya yi baya. Daga hannun nan wata sanda ta tafi ta kama ƙafar gaba ta wajen direba. Sa'an nan wata doguwar sanda ta gitta ƙarƙashin mota ta ɗaure ƙafar nan da 'yar'uwarta, don su juya tare. Ita ce kanikawa ke kira tayarod. Kowace ƙafa kuwa tana juyawa ne bisa wani kakkauran ƙarfe da ke tsaye a ƙarshen babban ƙarfen da ke ɗauke da gaban mota, shi ne kimfin. Duk inda sanda ta haɗu da hannu akwai gaɓa, wani ɗan dunƙulen ƙarfe cikin kwasfa, kamar yadda kan ƙashin cinya ya ke zaune cikin kwatangwalo. Gaɓoɓin nan guda huɗu ne a mota mai sauƙin ƙira, kowace ɗaya kuma ran mutane a kanta ya ke.

Akwai wata hikima a nan wadda ido ba ya gani da sauri. In mota ta sha kwana, ƙafar da ke ciki tana bin ƙaramin da'ira, ta waje tana bin babba, saboda haka dole ta ciki ta fi karkata. Don a sami haka ne a ke ɗan karkata hannuwan da tayarod ke kamawa. Wannan dabara ta girmi mota: wani maƙerin keken doki a birnin Munich na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara ta, Rudolph Ackermann kuma ya yi mata rajista a Ingila cikin 1818, har sunansa ya bi ta. Ban da wannan, ƙafafun gaba ba a jere su ke sambal ba. A kan ɗan tsuke su ta gaba, misalin kashi ɗaya cikin takwas na inci ko kusa da haka. Shi ya sa aka yi wa tayarod haƙori a kai biyu, ɗaya mai ɗaurewa dama, ɗaya hagu, in an murɗa sandar sai ta ƙara tsawo ko ta rage ba sai an kwance ta ba. To, hannu ɗaya in ya lanƙwashe da faɗin yatsa, duk lissafin nan ya rushe, mota ta riƙa jan gefe tana cin taya.

Hanyar wannan ƙasa ta kan ci ƙarafan nan ta fuska uku, amma ba daidai su ke da ƙarfi ba. Dutse ko kututture ko ramin da damina ta bari ya kan bugi tayarod ya lanƙwasa ta nan take. Wannan direba ya kan sani, gama sitiyari zai karkace a hannunsa. Gargadar burji kuwa dukan maƙera ce, dubbai a kowace mil, tana sassauta noti tana buɗa kwasfa. Amma wadda ta fi ɓarna ita ce ta ɓoye. Giris a ke ɗura wa gaɓoɓi da kimfin don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. In rairayin tudu ko ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da shi, ya zama abin wasa wuƙa. In kuwa mota ta ratsa ruwan fadama, ruwa ya wanke shi ya bar tsatsa. Haka dunƙulen zai yi ta raguwa, kwasfa tana faɗi, sitiyari yana ƙara sako-sako kaɗan kaɗan, direba yana sabawa da shi, har ranar da dunƙule zai fice daga kwasfarsa.

Masu ƙera motocin zamanin sun san da haka, suka kuwa yi kayansu yadda za a iya gyarawa. Gaɓar tsohuwar ƙira tana da ɗan sifirin a ciki da murfi mai haƙori. In ta yi sako-sako sai a ƙara murɗa murfin a kulle shi. Kowace gaɓa tana da ɗan bakin da a ke ɗura giris, aikin karen mota ne kuwa ya shiga ƙarƙashi da famfon giris kafin a tashi. Kimfin yana zaune cikin bushin na tagulla, domin tagulla ta cinye ta bar ƙarfe. In ta cinye a fitar a buga sabuwa, a fere cikinta daidai da kaurin kimfin. Hanyar gano ciwo kuwa ba ta sake ba tun daga lokacin har yanzu. A ɗaga gaban mota da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza: in ta motsa, kimfin ne ko boris. A kama ta gefe da gefe: in ta motsa, gaɓa ce. Sa'an nan a sauke mota, yaro ya hau ya riƙa kaɗa sitiyari, maigidansa yana kwance a ƙasa ya ɗora tafin hannu bisa kowace gaɓa, yana jin bugun da ido bai gani ba. Tsukewar ƙafafu da igiya a ke aunawa, ko da sanda da alli, a sa alama ta gaba, a tura mota tayar ta yi rabin juyi, a sake aunawa ta baya.

A garuruwan da ba su da gareji, wanda mota mai lalura ta kan fara samu maƙeri ne. Ƙira daɗaɗɗiyar sana'a ce a ƙasar Hausa, da zuga-zugi da masaba da awartaki da uwar maƙera, mota kuwa ta zo ta ba maƙera ƙarfe mai kyau a araha, gama karyayyen sifirin ya fi kome yin wuƙa da gatari. Su kuma suka biya ta da miƙe abin da ya lanƙwashe da ƙera abin da ya ɓace. A nan ne sanin maƙeri da na bakanike suka yi karo. Ga maƙeri, ƙarfen da ya lanƙwashe maganinsa wuta. Amma hannun sitiyari ƙarfe ne da aka ba wuta aka kuma sanyaya bisa ƙa'ida tun a masana'anta. In aka sake gasa shi ya yi ja, ko dai ya yi laushi ya sake lanƙwashewa, ko kuwa in an tsoma shi a ruwa ya yi gautsi ya karye ba gargaɗi. Ƙa'idar da littattafan masu ƙera motoci suka tsaya a kai ita ce kada wuta ta taɓa shi, a sauya shi kawai. Direban da ke tsakiyar fadama da buhu ɗari bisa mota, hadari kuma ya haɗo, ba littafi ya ke dubawa ba, ba kuwa za a ga baƙinsa ba in ya lallaɓa ya kai gari. Laifin yana wurin wanda ya kai garin ya bar gyaran hanya ya zama gyaran dindindin.

Harshe ya adana wannan tarihi fiye da takarda. In aka jera kalmomin gareji za a ga sun rabu biyu. Sunayen kaya kusan duk na aro ne daga Ingilishi, an sassaƙe su sun dace da bakin Bahaushe, wanda ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa wasali ya kutsa tsakani a sitiyari da sifirin da birki da giris da kuloci. Tayarod kuwa tana da nata labari. Kalmar Ingilishi da ke farkonta ɗauri ta ke nufi, amma furucinta ya yi kusa da na taya, sandar kuma ga ta tsakanin tayoyi biyu, sai kunne ya zaɓi ma'anar da ya sani. Shi kansa mai sana'ar an yi masa ɗinki biyu. Waɗansu suka ji farkon kalmar kamar ma ɗin nan ta maƙeri da maɗinki, suka ce makanike, jam'i makanikai. Waɗansu suka cire ta suka sa ba ta Bakano da Bature, aka sami bakanike da kanikawa da kanikanci, sai ka ce wata kabila ce mai harshenta. A bakin Basakkwace, inda fari ya ke hwari, fili ya ke hili, faci ma ya kan koma hwaci, a kan kuma ji mato a maimakon mota a wannan yanki da hayin Nijar.

Amma sunayen ciwo da na aiki Hausa ce tsantsa. Mota tana da kai da ƙafa da gindi. Tuƙi an ɗauko shi daga jirgin ruwa, abin da mutanen bakin Rima suka sani tun kafin mota. A kan ce sitiyari yana rawa, ko ya yi nauyi, ko ya yi sako-sako. Mota tana jan gefe, tana cin taya. Haƙorin noti ya cinye. In abin ya faru kuwa, a ce mota ta ƙwace. Ma'anar wannan rabuwa ita ce, kayan baƙi ne, amma ganewar ta gida ce: da hannu da kunne aka koye ta daga maigida zuwa yaro, cikin Hausa. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa cikin 1955 ta yi aikin tattara kalmomin aro, sai dai irin waɗannan a gindin bishiya aka raɗa su, can kuma su ke canzawa. Malamin kwalejin horon malamai da ke neman misalin yadda harshe ke haɗiye baƙuwar kalma, tashar motar Acida ranar kasuwa ta ishe shi darasin wata guda.

Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar bin hannun hagu ta koma dama, kamar maƙwabtanta masu Faransanci. Ga mai tafiya wannan canjin gefen hanya ne kawai, ga bakanike kuwa ya fi haka. Motar da a ke tuƙawa a hannun dama sitiyarinta a hagu ya ke, akwatinsa da hannuwansa duk sun juya, na tsofaffin motoci ba sa shiga sababbi. Bayan shekara uku, cikin 1975, aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, 404 da 504 suka cika ƙasa, akori-kurarsu ta zama jakin kasuwannin ƙauye. Sitiyarin Peugeot wata ƙira ce dabam, wadda kanikawa ke kira rak: ƙaramin haƙori ne a gindin sandar sitiyari yana tura wata sanda mai haƙora dama da hagu, ita kuma ta tura ƙafafu kai tsaye. Gaɓoɓi sun ragu, tuƙi ya yi sauƙi. Har sufanu ma sai da suka sake, aka bar awon inci na Ingila da Amurka aka koma milimita, shi ya sa yaron gareji yau lamba ya ke ji, sha uku ko sha bakwai.

Babban canjin dai yana cikin gaɓar kanta. Sannu a hankali masu ƙera ƙananan motoci suka bar kimfin suka koma boljoyin, suka kuma rufe gaɓoɓi ruf tun daga masana'anta, da giris ɗinsu a ciki da hular roba a kai, ba murfin da za a murɗa, ba bakin da za a ɗura. A ƙasar da aka yi su, mai kwalta da sanyi, wannan ci gaba ne, gama ta kan daɗe ba a taɓa ta ba. A nan kuwa zafi ya kan tsage robar, ƙaya ta huda ta, rairayi ya shiga, ba kuma yadda za a wanke shi a fitar. Abin da a da a ke gyarawa ya zama abin da a ke sauyawa. Watau lafiyar mota ta tashi daga hannun bakanike ta koma aljihun mai mota da rumfar mai sayar da kaya a birni.

Muddin kuɗin mai yana gudana ba a ji ciwon wannan ba. Zamanin ne aka yi madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama gininta cikin 1984, da manyan motocin da suka yi ta zirga-zirga dominta. Amma daga 1986, da aka karya darajar naira, sabon kaya ya fi ƙarfin mai akori-kura. Kasuwa ta koma ta gwanjo, motoci da kayansu da aka gama amfani da su a Turai suna shigowa ta Kwatano da Nijar, da kuma sababbin kaya masu araha waɗanda ba a san ƙarfensu ba. Sai tsohuwar dabarar gyara ta komo, amma a kan abin da ba a yi shi don gyara ba. A kan daki bakin kwasfa da guduma don ta sake matse dunƙule, ko a cusa guntun roba a ciki, ko a yi wa karyayyen tayarod walda, ko a soka ƙusa a maimakon ɗan makullin noti. Duk waɗannan su kan kashe rawar sitiyari na 'yan makonni, mugun abinsu ke nan, domin rawar nan ita ce gargaɗin da direba ke samu. Tsohon bakanike da ya murɗa murfin gaɓa yana bin hanyar da mai ƙira ya bar masa ne. Wanda ya daki rufaffiyar kwasfa ya toshe bakin majinyaci ne don kada ya yi nishi.

Tun daga 2018, sa'ad da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan ƙasar Rabah, zuwa harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 inda aka kashe mutane da dama, tsayawar mota a daji ta zama abin tsoro na dabam, direbobi kuma suka ƙara gudu a kan hanyoyin da ba su ƙara kyau ba. Gudu kuwa shi ne abin da gajiyayyiyar gaɓa ba ta jurewa. Samari da yawa sun koma gyaran babur, wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin ƙarafan nan, aikin kimfin da bushin ya rage ga masu gyaran manyan motoci. A cikinsu ne a ke samun tsohuwar Mercedes 911 mai guntun hanci, wadda har yanzu a kan gani tana lodin albasa da tafarnuwa a wannan yanki, gabanta na nan bisa tsohuwar ƙira, kimfin biyu da gaɓoɓi masu shan giris, karen mota kuma yana shiga ƙarƙashinta da famfo kafin a ɗaure tamfol.